Madubi: fim ɗin da aka kasa ba da labarinsa

A zamanin da gidajen sinima suke cika maƙil a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, akwai wata al'ada da kowane yaro ya sani. Duk wanda Allah ya ba kuɗin shiga, to ya ɗauki bashi a wuyansa, domin washegari, a bakin lakwal ko a inuwar bedi, sai ya zauna ya ba waɗanda suka kwana a waje labarin fim tun daga fari har ƙarshe: wane ne jarumi, wane ne mugu, a ina aka sace yarinya, da yadda gaskiya ta yi halinta kafin a kunna fitilu. Babu mai jin harshen Indiya, amma wannan bai taɓa hana kowa kawo labarin Mangala ko na Mother India cikakke ba, har da waƙa da kuka. Ma'aunin fim ke nan a wancan lokaci. In an fito da labari mai daɗi a baki, an ga fim. In an fito an rasa abin faɗi, an yi asarar kuɗi.

Akwai wani dattijo a birnin Tawa, tsohon injiniyan ruwa da ya ajiye aikin gwamnati, wanda a ƙuruciyarsa yana cikin gwanayen wannan ba da labari. Abokansa na lise a Yamai sukan haɗa masa kuɗin tikiti, don sun san in ya dawo, abin da zai ba su ya fi abin da aka nuna a bango. Fim guda ne kawai ya gagare shi a duniya, kuma ya yi shekara 43 yana ɗauke da shi a ransa bai iya faɗa wa kowa abin da ke ciki ba.

An haife shi a 1952 a wani ƙauye na ƙasar Adar, ƙasar duwatsu da maza masu tafiya cin rani. Yana da shekara biyar mahaifinsa ya bi ayarin masu zuwa Kumasi, ya bar mata da ƴaƴa biyu, namiji da mace, da alkawarin dawowa kafin shuka. Shuka ta zo ta wuce. Shekara biyu ana samun saƙo daga bakin masu dawowa, daga nan sai shiru. Abin da yaron ya buɗe ido ya gani shi ne mahaifiyarsa, kullum bayan la'asar, zaune a bakin dangar gida tana kaɗi, fuskarta na kallon hanyar da ta gangaro daga kan dutse. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, manyan motoci suka riƙa sauke mutanen Adar da ƙunshin kayansu. Ta yi kwanaki tana zuwa bakin titi. Maza da yawa sun dawo a wannan shekara, nata bai dawo ba.

Shi ɗan fari ne, kuma mai karatu ya san abin da wannan ke nufi a gidan Bahaushe na da. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yaba shi, in yana wuri sai ta yi kamar ba ta gan shi ba. Kunya ce, kuma kowa ya san kunya ce. Amma yaron da aka ɗauka aka sa lakwal, ya karanta littattafan Faransa inda uwaye ke rungumar ƴaƴansu suna kiran su da sunaye masu daɗi, sai wani abu ya fara tsiro a zuciyarsa. Ya san al'ada da kansa, amma can ƙasan ransa ya ɗauka cewa matar nan duk abin da take da shi na ƙauna ta zuba shi a kan hanya, ba ta rage masa kome ba.

A 1974, shekarar da fari ya cinye dabbobi kuma soja suka karɓi mulki a Yamai, ya samu tallafin karatu zuwa Tarayyar Sobiyet. Ya yi shekara guda yana koyon harshen Rasha, sannan ya shiga karatun aikin ruwa a Mosko. Ɗakinsu ɗaya da wani saurayi Barashe mai son sinima, kuma abin da ya fara haɗa su shi ne fim ɗin Indiya, domin mutanen Rasha ma sun san Raj Kapoor kamar yadda mutanen Maradi suka san shi. Wata rana a ƙarshen 1975, ƙanƙara ta rufe gari, sai abokin ya shigo da tikiti biyu yana murna kamar wanda ya tsinci zinari. Ya ce wani fim ne da ba a samun ganinsa da sauƙi, a wani ƙaramin zauren ma'aikata can gefen birni. Sunansa Zerkalo, wato Madubi, na Andrei Tarkovski. A aljihun rigar sanyin ɗan Adar a wannan dare akwai wasiƙar gida da ta yi wata biyu bai amsa ba. Wani ɗan lakwal ne ya rubuta ta da faransanci mai tuntuɓe: gero ya yi dama-dama, akuya ta haihu, mutanen gida suna gaida yaron nan. Ko a takarda ba ta yarda an sa sunansa daga bakinta ba.

Aka kashe fitilu. Abin da ya fara fitowa wani saurayi ne mai i'ina, wata likita tana yi masa magani har bakinsa ya buɗe ya yi magana sarai. Ɗan Adar ya ce a ransa, to ga jarumi. Ba a sake ganin saurayin ba har aka tashi. Sai ga wata mata zaune a kan dangar katako, an ɗauko ta daga baya, tana shan taba tana kallon fili, can nesa wani mutum yana tafe. Muryar wani da ba a ganin fuskarsa tana bayani cewa in mai tafiya ya karkato wajen gida daga gindin wani kurmi, to mahaifinsu ne, in ya miƙe kuwa ba shi ba ne. Mutumin ya iso, ashe wani likita ne da ya ɓata hanya. Suka yi ƴar magana, dangar ta karye da su, ya tashi yana dariya ya kama hanyarsa. Yana cikin tafiya sai iska ta taso ta kwantar da shukar filin gaba ɗaya, ta taho kamar igiyar ruwa har inda matar take tsaye. Jim kaɗan ɗakin ajiyar ciyawa ya kama wuta, ana yayyafi, yara na tsaye suna kallo.

Daga nan ne zaren ya kuɓuce masa. Launi ya koma fari da baƙi, ya sake dawowa. Matar tana wanke gashinta, rufin ɗaki yana zubowa a hankali tare da ruwa, ta dubi madubi sai ga tsohuwa. Ga ta tana gudu cikin ruwan sama zuwa maɗaba'a, tsoro ya cika ta ko ta bar kuskure a wani littafi. Ga ta kuma a wani gida na zamani, amma yanzu kamar ba uwa ba ce, matar mai magana ce da suka rabu. Sai hotunan yaƙin Sipaniya, da sojoji suna jan kaya cikin laka, da bam ɗin Hiroshima, da taron ƴan Sin suna ɗaga ƙananan littattafai. Wata murya tana karanta waƙoƙi da harshen da ya fi ƙarfin wanda ya yi wata 15 kacal yana koyonsa.

Kujerun zauren irin masu naɗewa ne, duk wanda ya tashi sai kujerarsa ta buga. Tun kafin a kai rabi aka fara jin bugun nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana sara itace. Wani mutum mai ƙaton wuya ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi wata magana da ƙarfi a kan kuɗin talakawa, wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya yi musu shiru. A hannun damansa kuwa akwai wata mata da za ta kai shekara 50, da ɗankwali da hannuwa masu kaushi. Tun daga wurin gobara ta fara share ido. Da aka zo ƙarshe, inda tsohuwa ke jan yara biyu ta cikin fili, ita kuma matar tana ƙuruciyarta kwance a ciyawa, miji na tambayarta ko namiji take so ko mace, tana murmushi tana hawaye a lokaci guda, sai baƙuwar nan ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, ba ta ko dube shi ba. Da aka kunna fitilu ta saki, ta gyara ɗankwalinta, ta fita ba ta ce uffan ba.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa abokinsa ya tambaye shi ko ya gane. Ya ce bai gane kome ba, kuma ya faɗe shi da fushi, domin a ganinsa an ci mutuncinsa: shi da ba a taɓa nuna fim ya kasa kawo labarinsa ba. Amma da ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Ƙaurin hayaƙi yake ji a hancinsa, na wani rumbu da ya ƙone a ƙauyensu yana ɗan shekara shida, abin da ya manta sarai sai a wannan dare. Ya tuna cewa a ranar mahaifiyarsa ta fizgo shi daga kusa da wuta ta matse shi a jikinta, har ya ji bugun zuciyarta a kunnensa, da mutane suka taru kuma ta ture shi gefe kamar ɗan maƙwabta. Ya tashi ya kunna fitila ya rubuta mata wasiƙa shafi huɗu. Da gari ya waye ya sake karantawa, sai ya hango tsakar gidansu: ɗan lakwal tsaye yana fassara da ƙarfi, mata sun kewaye, ita tana sunkuyar da kai don kunya. Ya yayyage takardun. Ya aika layi uku irin na kullum: yana lafiya, karatu na tafiya, a gaida kowa da kowa.

Abin da ya faru a wannan ƙaramin zaure ya faru a duk inda aka nuna Madubi. Hukumar sinima ta ƙasar, Goskino, ta ga fim ne da jama'a ba za su fahimta ba, saboda haka kwafin da aka buga ba su kai 100 ba, kuma aka hana a kai shi bikin Cannes. Tarkovski, wanda aka haifa a 1932, rayuwarsa ce ya zuba a ciki. Mahaifinsa Arseni Tarkovski, mawaƙi, ya bar gida tun yaron yana ƙarami, kuma muryarsa ce ake ji tana karanta waƙoƙinsa a fim ɗin. Mahaifiyarsa Maria ta yi aikin gyaran kurakurai a maɗaba'a a zamanin Stalin, lokacin da harafi guda zai iya jefa mutum cikin masifa, kuma ita ce da kanta tsohuwar da ke fitowa a madubi. Ƴar wasa guda, Margarita Terekhova, ita ta fito a matsayin uwa da kuma matar aure, domin mai ba da labarin duk lokacin da ya tuna uwarsa da fuskar matarsa take zo masa. An sake gina gidan katakon da suka zauna a ƙauye bisa tsoffin hotuna, a kan tushensa na da, har aka sake shuka filin gaban gida da irin hatsin da yake tunawa mai farin fure. Yankunan hoto kusan 200 ne a fim ɗin, kuma ya jera su ya warware fiye da sau 20 kafin su zauna. Bai jera su bisa shekaru ba, ya jera su ne yadda abubuwa ke zuwa wa mutumin da ke kwance yana jinya, wannan ya jawo wancan, ƙamshi ya jawo fuska, fuska ta jawo yaƙi.

Wasiƙu suka riƙa zuwa masa daga ko'ina cikin ƙasar, ya kuma kawo wasu a farkon littafinsa da aka fassara da faransanci da sunan Le Temps scellé. Wata injiniya daga Leningrad ta koka cewa ƙoƙarin ganewa ya sa mata ciwon kai tun cikin rabin awa na farko. Wasu sun zage shi, suna tambayar wanda ya ba shi izinin ɓarnar dukiyar ƙasa. Amma wata mata daga Gorki ta yi masa godiya, tana mamakin yadda aka yi ya san ƙuruciyarta, wata ma'aikaciya daga Novosibirsk kuma ta ce sau huɗu ta kalle shi cikin mako guda. Wanda ya duba wasiƙun nan zai ga ba yawan karatu ne ya raba mutane biyu ba, domin akwai masu digiri cikin masu fushi, akwai ƴan ƙwadago cikin masu godiya. Tarkovski ya rasu a Paris a Disamba 1986, yana da shekara 54. A 2012, da mujallar Sight and Sound ta tambayi masu shirya fim na duniya waɗanda suka fi girma a wurinsu, Madubi ya zo na 9.

Ɗan Adar ya dawo gida a 1981 da takardarsa. Aiki ya ɗauke shi, rijiyoyi da madatsun ruwa daga wannan jaha zuwa waccan. Yana aika gero da tufafi da kuɗi, ba a taɓa cewa ya gaza ba. In ya je ƙauye yakan durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ya kwana ɗaya ya juya. Ta rasu a 1993, yana can gabas wajen aiki, bai iso ba sai bayan an rufe ta. Da aka buɗe kayanta, a cikin wata kwalla da aka naɗe da tsohon zane, aka samu wasiƙunsa na Mosko duka, masu layi uku-uku, da wani hoto nasa tsaye cikin ƙanƙara wanda gefensa ya sile don yawan taɓawa. Ƙanwarsa ta dube shi ta ce, "Yaya, kai kana tsammanin Baba take jira a bakin danga? Tun ranar da ka hau mota ta daina jiran Baba." Bai ce kome ba. Ya sa hoton a aljihu, ya fita bayan gari.

A hunturun 2018 autarsa, ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta zo hutu da kwamfuta. Wajen hira ya ambaci wani fim da ya taɓa gani a Rasha, sai ta ce ai kamfanin Mosfilm ya sa tsoffin finafinansa kyauta a YouTube. Kafin ya rufe baki ta nemo shi, da fassarar faransanci a ƙasa. Ya so ya kalla shi kaɗai, amma gidan Bahaushe ba ya ɓoye baƙo. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ɗora kwamfuta a kan turmi. Ga uwargida, ga ɗan ƙanwarsa mai sayar da kayan salula, ga amininsa, tsohon malamin lakwal da kowa ke kira Mushe, ga kuma wata tsohuwa maƙwabciya da ta shigo aron wuta ta zauna. Ɗanta ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya shekara huɗu da suka wuce, kuma tun wata waya guda da ya yi ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da matar fim ta kunna taba uwargida ta yi salati. Da rufin ɗaki ya fara zubowa ta ce wannan aikin aljanu ne, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Saurayin ya yi haƙuri na minti 20, sannan ya miƙe ya ce, "Kawu, a gafarce ni. Ba waƙa, ba faɗa, ba a ma san wanda ake so ba." Ya tafi wajen abokansa. Ɗalibar ta buɗe salularta tana karanta bayanan masana, tana faɗa wa mutane cewa wannan uwa ce, wannan kuma mata ce, wannan kafin yaƙi ne, wancan bayansa. Mushe kuwa ya zauna har ƙarshe, hannu a haɓa, irin zaman mai gyaran takardun jarrabawa.

Da aka gama shi ya fara magana. Ya ce, "Injiniya, shekara 35 na yi ina koyarwa. In na shiga aji na yi awa biyu, yara suka fito ba wanda zai iya maimaita abin da na ce, laifin wa? Nawa ne. Mai magana shi ke da nauyin a fahimce shi. Mutumin nan ya ɗauki kuɗin jama'a ya yi mafarkinsa, sannan ya bar mu da aikin fassara. In yana da abin faɗi game da uwarsa, ya faɗa mana sarai." Maganar Mushe ba ta banza ba ce, kuma dattijon bai musa ba, domin shi ma abin da ya faɗa ke nan cikin jirgi a 1975. Ya dai ce a hankali, "Mushe, akwai maganar da in an faɗe ta sarai ta lalace. Ni na taɓa gwadawa, shafi huɗu."

Tsohuwar ba ta iya karatun boko ba, balle faransancin da ke gudu a ƙasan hoto, kuma ba wanda ya tuna ya fassara mata. Ɗalibar ta juya cikin ladabi ta ce, "Inna, kin dai sha zama, ba ki ji abin da suke cewa ba." Sai ta ce, "Mi za ni ji, ɗiyata? Wagga mata jira takai." Mushe ya tambaye ta wanda ya gaya mata. Ta ce, "Ba ku ga ƙeyarta ba tun da fari? Mai jira ba ya zama da dukan jikinsa, rabi na bisa hanya. Kuma da mutumin nan ya matso, tun bai iso ba ta san ba shi ne ba, amma ba ta iya daina kallo." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa yaron ma bai kyauta ba, da yake magana da uwarsa ta waya yana ta kewaye-kewaye, abin da ke bakinsa daban, abin da ke cikinsa daban. A fim ɗin kuwa haka aka yi: mahaifiyar mai ba da labarin ta kira shi, suka yi maganar da ba ta haɗu ba, ya nemi gafara a gurguje, ta ajiye waya. Tsohuwar daga sautin murya kawai ta ɗauko wannan.

Hausa tana da kalma guda da ke ɗauke da abu biyu. Ana cewa yaro ya gane lissafi, ana kuma cewa mutum ya gane ɗan'uwansa a tsakiyar kasuwa bayan shekara 20. Ganewa ta farko tana bukatar bayani, mataki bayan mataki, kuma wanda ya samu zai iya koya wa wani. Ta biyu ba ta jiran bayani, a tsaye take faɗo wa mutum, in kuma aka tambaye shi da me ya gane, sai ya rasa ta cewa, ko ya ce tafiyarsa, ko ya ce ƙeyarsa. Yawancin finafinai ganewa ta farko suke nema, shi ya sa ake iya ba da labarinsu a inuwar bedi. Madubi da ire-irensa ta biyu suke nema. Injiniyar Leningrad da Mushe sun zo da alli da allo, aka ba su abin da ba ya shiga allo, kuma suna da hakkin su ji haushi. Saurayin da ya tashi bai ga kowa nasa a ciki ba, ba laifi ya yi ba, wataƙila lokacinsa ne bai zo ba. Matar Gorki da mai ɗankwalin Mosko da tsohuwar Tawa kuwa sun leƙa sun ga wanda suka sani. Bayanin da ɗalibar ta karanto gaskiya ne duka, yana kuma taimaka wa mai kallo na biyu ya daina ɓata hanya, amma ba shi ya sa wata baƙuwa ta riƙe hannun rigar wani baƙo cikin duhu ba.

A wannan dare, bayan kowa ya watse, uwargida ta tarar da maigidanta zaune a kan tabarma, kwamfuta a rufe. Ta ce, "Malam, wane shafi huɗu ne ka ce wa Mushe?" Shekara 35 suna tare ba ta taɓa jin zancen ba. Ya fara ba ta labarin fim ɗin, kamar yadda ya saba tun yana yaro, daga saurayi mai i'ina zuwa matar kan danga, amma kafin ya kai wurin gobara sai ya ga ya bar Rasha, yana cikin ƙauyensu, yana faɗin rumbu da hayaƙi da bugun zuciya a kunnensa, da kwalla, da hoton da gefensa ya sile. Autar tana jin su daga ƙofar ɗaki. Ta ce, "Baba, to da wane suna take kiran ka?" Ya ce ba ta taɓa kiran sa da suna ba, ko sau ɗaya. Ya ce in tana son ya zo, sai ta ce wa ƙanwarsa ta duba ko akwai wanda bai ci tuwo ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Washegari da la'asar tsohuwar ta sake sallama, wannan karon ba da kaskon wuta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin nauyi, sannan ta ce wa ɗalibar in ba damuwa a sake kunna mata farkon abin nan na jiya, wurin danga kaɗai, zuwa inda iska ta taso. Aka ɗora kwamfuta a kan turmi, aka kawo mata tabarma. Dattijon ya fito daga ɗaki, ya ja kujerarsa ya zauna can baya, inda ba za ta ga fuskarsa ba.